Sunan Gida a Intanet: Yadda Ake Yi Masa Rassa, da Yadda Ake Raba Rassan ga Masu Masauki Daban-daban

Wa aka rubuta wa wannan bayani?

Wannan bayani naku ne idan kuna cikin ƙungiyar manoma, ko ƙungiyar mata, ko cibiyar yaƙi da jahilci, wadda ta mallaki shafi a intanet ko take shirin mallaka. Ba lalle ba ne ku iya aikin kwamfuta. Abin da ake buƙata shi ne ku gane abin da ma'aikacin kwamfuta yake yi da sunanku, domin ku iya yi masa tambaya kafin ku ba shi izini.

A ɗauka ƙungiyarku tana Dakusa, cikin gundumar Takeita ta jihar Damagaram. Kuna da shafi guda, kuna kuma da akwatin imel wanda masu ba ku tallafi da masu sayen amfanin gonarku suke aiko muku da wasiƙu ta cikinsa. Yanzu kuna son shafi na biyu domin darussan karatu, wani kamfani dabam kuma ya yarda ya ajiye muku shi. Sai wani ma'aikaci a birnin Zinder ya ce: "Ku ba ni kalmar sirri, in sauya muku DNS." Idan ya yi aikin daidai, shafuffukan biyu za su yi aiki tare. Idan ya kuskure, shafin farko zai ɓace, wasiƙu kuma su daina shigowa ba tare da kun sani ba. Abin da ke raba waɗannan biyu ƴan layuka ne kaɗan na rubutu. Su ne za a bayyana muku a nan.

Kalmomi biyar da za ku riƙe

• Suna: adireshin da mutane ke rubutawa domin su zo shafinku. A cikin wannan bayani za a yi amfani da misali.ne. Sunan koyarwa ne kawai.

• Dillalin suna: kamfanin da kuka yi rajistar sunan a hannunsa, wanda kuke biya kuɗin haya kowace shekara.

• Mai masauki: kamfanin da ke ajiye rubutunku da hotunanku a cikin kwamfutarsa, wadda ba a kashewa dare da rana.

• Jagoran suna: kwamfutar da ke riƙe da kundin sunanku, tana nuna wa masu tambaya inda shafinku yake.

• Reshe: ƙaramin suna da kuka ƙara a gaban babban sunanku, kamar karatu.misali.ne.

A zamanin ayari, fataken da suka iso Damagaram sukan sauka a unguwar Zango, kowa a gidan mai masaukinsa. Mai masauki yana ba baƙo ɗaki, yana tsare masa kaya. Amma baƙon da sunansa ya zo, da shi kuma zai tafi. Idan bai ji daɗin gidan ba, baɗi ya sauka a wani. Haka abin yake a intanet: masauki na haya ne, suna kuwa naku ne muddin kuna biyan kuɗinsa.

Suna da lamba

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace kwamfuta da ke intanet tana da lambar da ake kira lambar IP. Irin wadda aka fi sabawa da ita kashi huɗu ce, ɗigo ya raba su, kowane kashi daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.25. Akwai kuma sabon samfuri mai tsawo, mai haɗa lambobi da haruffa. Hukumar AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, ita ce ke raba wa kamfanonin Afirka waɗannan lambobi.

Ku tuna da salularku. Ba ku haddace lambar kowa ba. Kuna neman suna, wayar ta nemo lamba ta buga. Tsarin DNS shi ne ke yi wa intanet wannan aiki.

Da farko, sa'ad da kwamfutocin ba su da yawa, duk sunayensu suna cikin takarda guda da wata cibiyar bincike ta jihar Kalifoniya a Amurka take riƙe da ita, kowa ya kwafa. Da suka yawaita, takarda guda ta kasa. A shekarar 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris ya tsara DNS. Dabararsa ita ce a raba aikin hawa-hawa, kowa ya riƙe kundin abin da ke ƙarƙashinsa kaɗai. Tun daga 1998 ƙungiyar ICANN ce ke kula da hawa na ƙoli.

Yadda ake karanta suna

Ana karanta sunan intanet daga dama zuwa hagu, kamar rubutun ajami. Babba yana dama, ƙarami yana hagu. Ku dubi adireshin ma'aikatar kuɗi ta Nijar: finances.gouv.ne.

• ne: ƙasar Nijar.
• gouv: gwamnati, a ƙarƙashin Nijar.
• finances: ma'aikatar kuɗi, reshe a ƙarƙashin gwamnati.

Kowace ƙasa tana da haruffa biyu nata. Nijar tana da ne, Najeriya ng, Mali ml, Faransa fr. An ba Nijar nata a shekarar 1996, daga baya aka damƙa riƙonsa ga kamfanin SONITEL, wanda aka haɗe da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom. A Najeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da ng. Akwai kuma ƙarshen suna da ba na wata ƙasa ba, irin su com da org da net.

Wani misali da kuke iya gani da idonku shi ne ha.wikipedia.org. Babban sunan shi ne wikipedia.org. Reshen ha na Hausa ne, reshen fr na Faransanci. Hatta www da kuke gani a farkon adireshi reshe ne, wanda mutane suka saba da shi.

Kada ku haɗa reshe da ɗaki. A cikin bbc.com/hausa, kalmar hausa ta zo ne bayan layi mai karkata. Wannan ɗaki ne a cikin gida guda, kuma jagoran suna bai san da shi ba. Reshe kuwa yana zuwa kafin babban suna, ɗigo ya raba su. Ana iya aika reshe wani masauki dabam da layi guda a cikin kundi. Ba a iya yi wa ɗaki haka ta hanyar kundin.

Idan kun mallaki babban suna, ba sai kun sake yin rajista ba kafin ku yi masa rassa. A watan Maris na 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ƙungiyar da ke da shafin Faransanci tana iya buɗe ha.misali.ne domin masu karatun Hausa, ba tare da ta sayi wani suna ba.

Yadda ake nemo gida

Ku ɗauka baƙo ya sauka a tashar motar Zinder, yana neman gidan Malam Wane a wani ƙauye na ƙasar Dakusa. Ya tafi fadar Sarkin Damagaram a cikin Birni. Fada ba ta riƙe da sunan kowane maigida, amma ta san hakimin da ke riƙe da wannan ƙasa, sai a tura shi can. Hakimi ya tura shi wurin mai gari. Mai gari ya nuna masa ƙofar gidan. Babu wanda ya san kome da kome, amma kowa ya san wanda za a tambaya a gaba. Shi ya sa aka ce matambayi ba ya ɓata.

Haka ake yi idan wani ya rubuta karatu.misali.ne a salularsa:

1. Wayar tana aika tambaya ga kwamfutar kamfanin sadarwa, wadda ke zama ɗan aike.
2. Ɗan aike ya tambayi jagororin ƙoli. Sunayensu 13 ne, daga A zuwa M, hukumomi 12 ke tafiyar da su, kuma suna da kwafi fiye da dubu a sassan duniya. Su ce masa: "Je wurin jagoran ne."
3. Jagoran ne ya ce masa: "Ga jagororin da ke riƙe da kundin misali.ne."
4. Jagoran misali.ne ya buɗe kundi, ya ba shi lambar reshen karatu.
5. Wayar ta tafi wannan lamba, mai masauki ya buɗe mata shafi.

Duk wannan yakan ƙare kafin ƙiftawar ido. Amma ku lura da mataki na 3. Jagoran da aka rubuta sunansa a wurin dillali, shi kaɗai duniya ke tambaya. Dillalinku yana iya ba ku kundi, mai masauki na farko ya ba ku kundi, na biyu ma ya ba ku. Guda ɗaya ne a cikinsu ke aiki. Gyaran da aka yi a sauran kamar sanarwa ce da aka yi a ɗakin da babu kowa.

Ana rubuta jagora biyu ko fiye, domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya amsa. Idan duka suka yi shiru, shafi ya ɓace ko da masaukinsa lafiya lau yake. Ranar 4 ga Oktoba 2021 wani kuskure wajen gyara ya yanke hanyar zuwa jagororin sunan kamfanin Facebook. Kimanin awa shida Facebook da WhatsApp da Instagram ba su buɗuwa a duniya baki ɗaya. Watakila kun tuna da wannan yammaci.

Layukan da ke cikin kundi

Kowane layi a kundi yana da suna, da iri, da abin da yake nunawa. Ana rubuta irin layi da haruffa iri ɗaya ko allon na Faransanci ne ko na Ingilishi.

• A: yana haɗa suna da lambar IP.
• AAAA: aikinsa irin na A ne, amma ga sabon samfurin lamba mai tsawo.
• CNAME: yana cewa wannan suna laƙabi ne, a je a tambayi wancan sunan.
• MX: yana nuna inda za a kai wasiƙun imel.
• TXT: ɗan rubutu ne na shaida. Da shi ake tabbatar da cewa sunan naku ne, da shi kuma ake bayyana wanda ke da izinin aika wasiƙa da sunanku.
• NS: yana faɗin jagoran da ke riƙe da kundin suna ko na reshe.

Hanyoyi uku na aika reshe wani masauki

A ce babban shafinku da imel ɗinku suna hannun mai masauki na farko, kundin ma yana wurinsa. Kuna son reshe ya zauna a hannun mai masauki na biyu.

Hanya ta farko: layin A

Mai masauki na biyu ya ba ku lambarsa. Ku buɗe kundin da ke aiki, ku ƙara layi guda:

kasuwa   A   203.0.113.25

Daga nan duk mai neman kasuwa.misali.ne za a tura shi wannan lamba. Ba a taɓa babban shafi ba, ba a taɓa imel ba. Aibin hanyar ɗaya ne: ranar da mai masauki ya sauya lambarsa, sai kun koma kun gyara layin da hannunku.

Hanya ta biyu: layin CNAME

Wasu masu masauki suna bayar da suna a maimakon lamba. Sai ku rubuta:

karatu   CNAME   sunan da mai masauki ya ba ku

Amfaninta shi ne idan ya sauya lambarsa, reshenku zai bi shi da kansa. Tana da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, reshen da aka sa wa CNAME ba a ƙara masa wani layi, ko A ko MX. Na biyu, ba a sa CNAME a kan babban suna tsuransa, wato misali.ne, domin yana ɗauke da wasu layuka na dole. A wasu kundaye ana rufe sunan da ɗigo a ƙarshe. Idan an manta da ɗigon, sai kwamfutar ta liƙa misali.ne a bayansa, adireshin ya lalace. Ku dubi yadda aka rubuta sauran layukan, ku yi koyi da su.

Hanya ta uku: layin NS

A nan kuna miƙa riƙon reshen gaba ɗaya ga wani jagora, kamar yadda hakimi ke miƙa wa mai gari al'amuran garinsa. Mai masauki na biyu zai ba ku sunayen jagororinsa guda biyu, waɗanda galibi ke farawa da ns1 da ns2. Ku rubuta layi biyu:

mata   NS   jagora na ɗaya
mata   NS   jagora na biyu

Daga wannan lokaci duk abin da ya shafi mata.misali.ne a sabon kundi ake rubuta shi. Abin da kuka rubuta game da wannan reshe a tsohon kundi ba a sauraronsa kuma. Wannan hanya ta dace idan wani ɓangare na ƙungiya yana da nasa ma'aikaci, yana son ya tafiyar da shafinsa da imel ɗinsa ba tare da an ba shi mabuɗin gidan duka ba.

Wacce za ku zaɓa? Idan shafi guda kawai kuke so, ta farko ko ta biyu ta ishe ku, gwargwadon abin da mai masauki ya bayar. Ta uku sai idan reshen zai zama mai cin gashin kansa.

Abin da ba ya cikin hanyoyin nan

Akwai aiki na huɗu da ake yawan rikita shi da waɗannan, wato sauya jagororin babban suna a wurin dillali. Sau da yawa wasiƙar maraba da mai masauki ke aiko wa sabon abokin ciniki tana cewa: ga jagororinmu, ku rubuta su a wurin dillalinku. An tsara wannan wasiƙa ne domin wanda zai kawo gidansa duka. Idan reshe kawai kuke kawowa, kada ku bi ta.

Dalili kuwa shi ne wannan ƙaura ce ta dukan gida. Da zarar an sauya jagorori, an bar tsohon kundi da duk layukansa. Sabon kundi bai san lambar babban shafinku ba, bai san layin MX ɗinku ba. Shafin farko zai ɓace ko ya nuna allon wani. Wasiƙu kuma za su koma wa masu su, ko su faɗa wani akwati da ba ku san da shi ba. Ɓacewar shafi ana ganinta da wuri. Yankewar wasiƙa ba ta da amo: sai a yi mako ana zaton ba wanda ya rubuto, alhali wa'adin wani tallafi ya wuce.

Idan lalle kuna son ƙaura, to a fara kwafe dukan layukan tsohon kundi zuwa sabo, a duba su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a sauya jagorori. Kada a rufe tsohon masauki sai bayan kwana biyu ko uku.

Matakan aiki

1. Ku gano kundin da ke aiki. Ku shiga shafin dillalinku, ku nemi inda aka rubuta DNS ko NS. A kwamfuta kuma ana iya rubuta nslookup -type=ns sa'an nan sunanku, sai ta nuna jagororin.
2. Ku kwafe dukan layukan kundin a littafin ƙungiya, ko ku ɗauki hotonsu da salula, tare da kwanan wata. Idan aka yi kuskure, da wannan za a mayar da kome yadda yake.
3. Ku zaɓi sunan reshe gajere, mai sauƙin faɗi.
4. Ku sanar da mai masauki na biyu sunan reshen, a rubuta shi a allonsa. Kwamfutarsa guda tana ɗauke da shafuffukan mutane da yawa, kuma da suna take bambanta su. Idan ba a gaya mata ba, baƙonku zai zo ƙofa a ce ba a san mai wannan suna ba.
5. Ku karɓi lamba, ko suna, ko jagorori, a rubuce. Kada ku karɓa da baki ta waya.
6. Ku ƙara layin a kundin da ke aiki. Mutum ɗaya ya rubuta, wani ya karanta masa harafi bayan harafi.
7. Ku jira, sa'an nan ku gwada abu uku: sabon reshe, da babban shafi, da imel. Ku sa wani ya aiko muku da wasiƙa daga waje.
8. Ku nemi takardar tsaro ta reshen, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Kowane reshe yana buƙatar takardar da ta haɗa da shi. Tun daga 2015 hukumar Let's Encrypt ke bayar da irinta kyauta, kuma masu masauki da yawa suna sa ta da kansu da zarar layin ya fara aiki.

Me ya sa gyara ba ya bayyana nan take?

Ɗan aiken da aka ambata a baya ba ya komawa fada kowane lokaci. Idan ya samo amsa, yakan riƙe ta na ɗan lokaci, ya riƙa ba masu tambaya daga bakinsa. Tsawon wannan lokaci yana rubuce a gefen kowane layi, ƙarƙashin haruffan TTL, kuma da sakan ake ƙidaya shi. Lamba 300 minti biyar ke nan, 3600 awa guda, 86400 kwana guda.

Saboda haka kuna iya yin gyara da safe, ɗan'uwanku a Yamai ya ga sabon shafi, ku kuwa a Dakusa kuna ganin tsoho har yamma. Ba lalacewa ba ce. Ɗan aikenku ne bai koma tambaya ba tukuna. Sauya jagororin babban suna yakan kai awa 48 kafin ya game ko'ina.

Ga dabara: kwana guda kafin babban gyara, ku rage TTL na layin zuwa 300. Bayan an gama an tabbatar kome ya tafi daidai, ku mayar da shi yadda yake. Haka kuma kada ku yi ta buɗe sabon reshe kafin a rubuta layinsa, domin ɗan aike yana riƙe amsar "babu" kamar yadda yake riƙe sauran amsoshi. Mafi girman kuskure a wannan lokaci shi ne gaggawa: mutum ya ga bai yi ba, ya sake sauyawa, ya kuma sakewa, har ya manta da yadda abin yake tun farko.

Kurakuran da aka fi yi

• Harafi guda. Tsakanin ne da net harafi ɗaya ne, haka ma tsakanin ne da ng. A shekarar 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa miliyoyin wasiƙun da aka nufi sojojin Amurka da su, masu adireshi mai ƙarewa da mil, sun yi shekaru suna tafiya ga ml na ƙasar Mali, saboda masu rubutu sun tsallake harafi ɗaya.

• Haruffa masu lanƙwasa. Abin da ya fi aminci a suna shi ne haruffa daga a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori. Ba a barin fili a tsakani. Akwai tsarin da ke ɗaukar irin su ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, amma ba kowane dillali ke karɓarsu ba, ba kowace waya ke da su ba. Ku zaɓi kalmar da ba ta da su, kamar karatu ko kasuwa ko noma.

• Gauraya jagorori. Kada ku rubuta jagora ɗaya na kamfanin farko, ɗaya na kamfani na biyu, da nufin kowa ya riƙe rabi. Ɗan aike yana tambayar duk wanda ya samu. Idan kundayensu ba iri ɗaya ba ne, shafi zai buɗe wa wani ya ƙi buɗe wa wani.

• Layin da aka manta. Idan kun bar wani masauki, ku goge layin reshen da ke nuna shi. Idan an bar layin, wani yana iya kama gurbin da kuka bari, ya sa nasa shafi a ƙarƙashin sunanku, ya yaudari mutanen da suka amince da ku.

Yadda za ku tsare sunanku

Duk wanda ke riƙe da kalmar sirrin dillali, shi ke riƙe da suna. Yana iya tura shafinku da wasiƙunku duk inda ya ga dama. Don haka:

• A yi rajista da sunan ƙungiya, kada a yi da sunan ma'aikacin da ya taimaka. Ma'aikaci yakan sauya aiki ko ya yi tafiya.
• Aƙalla mutum biyu amintattu daga cikin shugabanni su san kalmar sirri. A rubuta ta a ajiye tare da takardun ƙungiya.
• Idan an ba ma'aikaci kalmar sirri domin gyara, a sauya ta bayan ya gama.
• A rubuta ranar ƙarewar haya a littafi, a biya wata guda kafin ta zo. Idan wa'adi ya wuce, babban suna da dukan rassansa za su tsaya tare, daga baya kuma wani yana iya saye sunan.
• Adireshin imel da dillali zai riƙa tuntuɓarku da shi kada ya zama na ƙarƙashin wannan suna. In sunan ya tsaya, gargaɗin ba zai iso muku ba.

Tambayoyi biyar ga ma'aikaci

Kafin ku ba kowa izinin taɓa sunanku, ku yi masa waɗannan tambayoyi, ku rubuta amsoshinsa:

1. A wane kamfani kundinmu mai aiki yake?
2. Layi za ka ƙara, ko jagorori za ka sauya?
3. Ka kwafe tsofaffin layuka kafin ka fara?
4. Me zai sami imel ɗinmu?
5. Idan abin bai yi ba, yaya za a mayar da shi, kuma cikin awa nawa?

Wanda ya san aikinsa zai amsa su ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya kasa amsa ta biyu da ta huɗu, ku dakatar da shi har ku sami wani ya duba.

Ku gwada kanku

Ku yi wannan aiki tare da abokan karatunku a aji:

1. Ku rubuta ha.wikipedia.org a allo. Ku ja layi ƙarƙashin reshe, ku zagaye babban suna.
2. Wanne ne reshe, wanne ne ɗaki: noma.misali.ne ko misali.ne/noma?
3. Idan TTL ya nuna 7200, awa nawa ke nan?
4. Mai masauki ya ba ku lamba 198.51.100.7 domin reshen noma. Ku rubuta layin da za a ƙara a kundi.

Amsoshi: (1) Reshe shi ne ha, babban suna wikipedia.org. (2) Na farko reshe ne, na biyu ɗaki. (3) Awa biyu. (4) noma   A   198.51.100.7.

Idan kun amsa waɗannan daidai, kuna iya zama kusa da ma'aikaci ranar gyara, littafin ƙungiya a hannunku, kuna bin kowane layi da yake rubutawa.